Fulawar Mahaifiyarsa Ta Bushe a Hannuna

Jama'a, kafin ku fara yi mini faɗa a ƙasan rubutun nan, bari in riga ku: na yi ƙarya. Ba sau ɗaya ba, kwana goma sha tara na jera ina yin ta, kullum bayan sallar la'asar, kuma mutumin da nake so in aura na yi wa.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Raihanatu. A Jega aka haife ni, a nan nake koyar da 'yan aji uku a wata firamare. Babana, Malam Magaji, manomin albasa ne, gonarsa tana fadama wajen Kimba. In ka shigo gidanmu da bazara ba sai an gaya maka sana'armu ba, tun daga zaure hancinka zai ba ka labari. Ni ce 'yar fari, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Ke" nake, ko "yarinyar ga". In yana so ya san ko na ci abinci, Inna Kaltume mahaifiyata yake tambaya, alhali ga ni zaune a gabansa. Inna ma ta yi irin wannan kunyar, amma tata ta sassauta tun da na girma. Ta Baba kuwa tana nan daram.

Shi kuma Naziru ɗan Aliero ne, malamin gona. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa wurina. Baba bai ce a'a ba, bai kuma ce ya turo manya ba. In Inna ta taɓo maganar, sai ya ce a bari a kwashe albasa tukuna, a bayan ido kuma "manomin takarda" yake kiransa. Gwaggonnina kuwa duk wadda ta leƙo gidan, kafin ta ajiye mayafi ta tambaya yaushe za a sha biki, kamar ni na riƙe ranar a aljihu.

Farkon watan Janairu aka tura Naziru kwas na wata huɗu a Ibadan. Ana gobe zai tafi ya zo sallama da yamma, cikin wata shadda ruwan toka da hula zanna. Ni kuma na ɓata lokaci gaban madubi da atamfata mai ganye-ganye da mayafi ruwan ƙwai, ina zaton turare ko zobe zai miƙo. Ina shiga zaure na gan shi rungume da tukunyar ƙasa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya riƙe ta kamar jariri.

Ya yaye ƙyallen, na leƙa. Ban taɓa ganin shuka irinta ba. Ganyenta ƙanana ne kamar na zogale, amma sun fi su laushi nesa ba kusa ba, ko numfashi ka yi kusa da su sai sun motsa. Karanta baƙaƙe ne sirara masu sheƙi, kamar gashi. Ya ce shi ya sa sunanta na Turanci yake nufin gashin budurwa. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba a ci, ba a sayarwa, amma a gidansu fulawa ake ce mata.

"Ta Innata ta," ya ce.

Na san mahaifiyarsa, Inna Hidaya, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Abin da ban sani ba shi ne, Bafulatanar Gembu ce, can ƙasar duwatsu da sanyi, kuma da wannan shukar ta zo Aliero ranar da aka kawo ta amarya. Shekara ashirin da tara tana riƙe da ita.

"Gidanmu dut maza na, ga awaki," Naziru ya ce yana ɗan murmushi. "In nib bar ta can, kahin in kai Kontagora sun gama da ita. Abu biyu kaɗai, Raihana: kada ta ga rana, kada ta sha ƙishirwa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai hoto kullum, in ba ki gaji da ni ba."

Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ku ji bakina fa. Ni 'yar manomi, wadda ta tashi cikin irin albasa, har raina abin na yi a zuciyata.

Na ɗora ta kan teburin ɗakina, gefen da rana ba ta kaiwa. Janairu da Fabrairu lafiya lau, ta yi kore shar, ta baje. Na dinga ɗaukar ta hoto ta gaba, ta gefe, ta sama, wani lokaci goma a zama ɗaya, in zaɓi guda in tura. Sauran suna nan cikin waya. Da na san abin da za su jawo mini da tun ranar na goge su.

Da Maris ya kama, zafin Jega ya sauko da ƙarfinsa. Wata safiya na ga bakin ganyen ya fara yin ruwan ƙasa, in ka taɓa ya yi ƙaras. Na ce zafi take ji, na juya mata fankar sola ta dinga bugunta dare da rana. Bayan kwana uku abin ya ninka. Na ce to ƙishirwa ce, na tsoma tukunyar cikin roba cike da ruwa na bar ta a ciki. Sai ganyen ƙasa suka koma rawaya suna zubewa. Ana cikin haka na juya wani ganye na ga ɗige-ɗige masu duhu jere a bayansa. Na ce ƙwari ne, na zauna da reza ina kankarewa ɗaya bayan ɗaya har na yayyaga rabin ganyen. Duk wannan kuma kowace yamma Inna na shigo mini da kasko ta turara ɗakin, wai ɗakin budurwa bai kamata ya yi warin albasa ba. Hayaƙin ya cika ɗaki, ni da fulawa mu sha tare.

Na duba waya, na karanta har idona ya yi ja. Wannan ya ce ruwa ya yi yawa, wancan ya ce ruwa ya yi kaɗan, kuma dukansu a ƙasashen da ake sa rigar sanyi suke zaune.

Ranar da abin ya fito fili yadda ba za a iya ɓoye shi a hoto ba, saƙon Naziru ya shigo kamar kullum.

"Ya mutuniyar?"

Na dubi tukunya, na dubi waya. Na ce a raina, kwana biyu ne, za ta farfaɗo, me zai sa in ɗaga masa hankali yana ƙasar mutane? Na shiga cikin hotunan Fabrairu na zaɓi guda na tura.

"Masha Allah," ya rubuto. "Hannunki na da albarka. Ko wurin Inna ba ta wuce haka ba."

Na kife wayar a kan katifa, na yi kuka. Washegari kuma na sake turawa. Abin da ƙarya take yi ke nan, ta farko ce mai wuya.

Da na ga ɗakin ya zama tanda, na fitar da tukunyar baranda, lungun da inuwa ba ta barinsa. Maimakon sauƙi, sai ta shiga lalacewa da gudu. Cikin mako guda ganyen suka ƙone kamar an gifta musu wuta, har wani fari-fari ya fito a saman ƙasar. Na rasa gane kanta. Na daina cin abincin kirki, in dawo daga makaranta in tsuguna gabanta da kayan aikina a jiki, in yi ta kallo. Inna ta tambaya, na ce ciwon kai ne.

Ranar wata Alhamis aka tashe mu da wuri, wajen sha ɗaya da rabi na iso gida. Ina yin sallama na ɗaga ido, sai jakata ta suɓuce.

Ga tukunyar Inna Hidaya a tsakiyar tsakar gida, an kife turmi an ɗora ta a kai, rana na dukanta tsaye. Na ruga na rungumo ta. A saman ƙasar ga wasu fararen ƙwayoyi da ba su gama narkewa ba. Ko cikin barci aka tashe ni na san takin yuriya.

"Inna! Wa yat taɓa mani fulawa? Wa yas sa mata taki?"

Inna ta fito daga madafa tana goge hannu da bakin zane, ta buɗe baki ke nan sai muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Baba ne ya shigo, rigarsa ta gona jiƙe da gumi, ƙafafunsa duk taɓo. Ya gan ni da tukunya a ƙirji, ya tsaya cak. Tunda nake ban taɓa ganin Baba ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar.

Inna ce ta fasa. "Kwana takwas ke nan. Kina hita shina hiddo ta rana, shi tahi gona, shi baro ma'aikata tsakar aiki shi dawo shi maishe ta kahin ki iso. Na ce mai a tambaye ki, yac ce in yi shiru."

Daga Kimba fa, a wannan zafin, ana tsakar cirar albasa.

Baba ya gyara murya. Bai dube ni ba, Inna ya fuskanta, kamar yadda ya saba. "Kaltume, ki hwaɗa mata, na ga tana ramewa bisa abin ga. Na duba, na ga an ɓoye shuka cikin inuwa, ba rana ba taki. Shekara arba'in ina noma, ban taɓa ganin abin da yaƙ ƙi rana da taki ba. Ɗan kaɗan nis sa, bai kai cikin hannu ba."

Cikin hannun Baba kuwa, ku tambayi buhun yuriya.

Na so in yi fushi, wallahi na so. Amma mutumin da bai taɓa tambayata "me ke damun ki" ba, ashe yana ganin ramata, ya rasa bakin tambaya, sai ya yi abin da ya iya. Na durƙushe a wurin, kuka ya ƙwace mini.

"Baba, ba ta son rana. Ba irin tamu ba ta. Ta mahaihiyar Naziru ta, wadda tar rasu. Da ita taz zo daga garinsu. Amana yab ba ni."

Baba ya dubi tukunyar. Sannan ya zauna a bakin baranda a hankali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kayan mamaciya na? Ni na ɗauka ƙawa ta irin ta yaran zamani." Ya shafa kansa. "Wa yas san sirrin abin ga, ban da yaron?"

Na ce sai dai Gwaggo Gudiya, yayar mahaifin Naziru, wadda ta zauna gida ɗaya da Inna Hidaya shekaru da yawa kafin ta koma Maiyama. Naziru ya taɓa kai ni na gaishe ta.

"Kaltume, ki ce mata ta sa mayahi."

Inna ta dafe ƙirji. "Malam! Gidan dangin yaro? Ba su zo ba, ba su aiko ba, kai uban ɗiya ka hwara taka ƙahwa? Gobe a ce talla ka kai ta."

"Ba ɗiya za ni kai ba," Baba ya ce yana mayar da hula. "Majinyaciya za ni kai. Ni nij ja, ni za ni tsaya."

Bayan azahar muka kama hanyar Maiyama a tsohuwar akori-kurar da yake kwasar albasa da ita. Ina gaba, tukunya a cinyata, na rufe ta da jiƙaƙƙen ɗankwali. Har muka isa, duk ramin da Baba ya hango sai ya rage gudu kamar ƙwai ya ɗauko. Ni da na san yadda yake tuƙi da buhu talatin a baya, sai da na kau da kai na share ido.

Mun tarar da Gwaggo Gudiya a ƙarƙashin rumfa tana gyaran wake. Tsohuwa ce siririya mai kaifin ido da kaifin baki. Da ta ji wanda ya yi sallama ta yi saurin jan mayafi, aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Na ga tambaya a fuskarta, amma kafin ta yi, Baba ya ce, "Hajiya, ɓarna munka yi, munka kawo a duba muna."

Na yaye ɗankwalin. Gwaggo ta leƙa, ta ɗauki ƙwayar taki guda ta murza a yatsa, ta sunsuna. Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam Magaji, albasa kam mai da ta?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Albasa nim mai da ta, Hajiya."

"Kada ka ji komi. Ƙanena, uban Naziru, kashin awaki yaz zuba mata shekarar da anka kawo Hidaya. Ku manoman albasa dut hankalinku guda na." Ta juyo kaina. "Ke kuma mi kinka yi mata? Hwaɗa mani dut, kada ki rage."

Na lissafa: fanka, robar ruwa, turare, reza. Tana ji tana girgiza kai.

"Iskar hwanka na shanye ta. Ba sanyin iska taka so ba, laima taka so. Zama cikin ruwa kuma na ruɓar da saiwa, ta sha ta tsane, shi na daidai. Ɗige-ɗigen da kinka kankare kuwa ba ciwo ba na, irinta na, nan taka ɓoye shi. Hayaƙi ko, ko ni shina sa ni tari, balle wagga."

Ta sa farce ta tone gefen ƙasar a hankali, har ta taɓo wata saiwa mai duhu da ke kwance. Ta matsa ta, ta ɗan kankara. Ni da Baba duk mun miƙa wuya.

"Da tauri," ta ce. "Ba ta ruɓe ba. Ban ce maku za ta tashi ba, takin ya yi yawa. Amma da sauran rai."

Ta sa na ɗebo ruwa a randa, ta dinga kwarara shi cikin tukunyar yana fita ta ƙasa, kofi bayan kofi, wai a wanke gishirin takin. Sannan ta ce in miƙo almakashi. Na ɗauka busassun kawai za ta cire. Sai na ga ta kama duka, har 'yan ganyen da suka rage da ɗan kore-kore, ta datse daga gindi. Na yi ƙara ban sani ba.

"Gwaggo!"

"Yi shiru. Sau nawa nig ga Hidaya ta yi mata wanga aski? Kin ɗauka shekara ashirin da tara dut kore tay yi su?" Ta ajiye almakashin, muryarta ta sauka. "Bazarar hwarko da anka kawo ta, yarinya ta ƙarama, ba ta san zahi ba, ba ta jin Hausa sosai. Abin ga ya bushe ƙarmas. Na ishe ta bayan ɗaki tana kuka, tac ce shi ke nan, garinsu ya ƙare mata. Ba wanda yak koya mata, ita tal lura wurin randa ya hi ko'ina sanyi, tat tura tukunyar nan bisa jiƙaƙƙen yashi. Ita ma can taka zama da rana, tana tsintar shinkahwa. Tare sunka koyi zaman ƙasar ga, ita da abin ta."

 Baba yana kallon tukunyar da ba komai a cikinta sai guntayen baƙaƙen kara.

"Gindin randa," Gwaggo ta ci gaba. "Inda haske ka shiga amma rana ba ta taɓawa. Ki sa yatsa kullum, in kin ji ƙasa ta hwara shan iska ki ba ta, in da laima ki ƙyale. Ba taki, Malam."

"Ba taki," Baba ya amsa kamar ɗalibi.

Mun tashi tafiya, Baba ya yi gaba wurin mota, sai Gwaggo ta riƙo mayafina.

"Shi Naziru ya sani?"

Na kalli ƙasa. Ta dube ni, ta gane, don ba yarinya ba ce. Na gaya mata maganar hotunan, ina jin kamar ƙasa ta tsage.

"To," ta ce. "Wagga ta tukunya mun yi abin da muka iyawa. Waccan ba ni da almakashinta, ɗiyata. Kuma kada ki jira sai ta tsiro."

Abin da na yi niyya ke nan fa, jama'a. In jira, in ta tsiro in ba shi labari muna dariya. Tsohuwar nan ta karanta ni tas.

Muna isa gida Baba da kansa ya gyara gindin randar Inna da ke lungun baranda, ya ƙaro yashi, ya jiƙa, ya zaunar da tukunyar. Na shiga ɗaki na ɗauko waya. Saƙon la'asar yana nan yana jirana: "Ya mutuniyar? Yau shiru." Na fito na ɗauki hoton tukunyar yadda take, ƙwal, ba ganye ko ɗaya. Na rubuta masa komai, tun daga fanka har reza, har kwana goma sha tara na tsofaffin hotuna. Taki kawai na tsallake. Ina cikin rubutu na ji muryar Baba daga bakin ƙofa.

"Kaltume, ki ce mata ta hwaɗa mai takin nawa na, da ranar. Kada ta ɗauki kayan da ba nata ba."

Na ƙara. Na tura.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Sai bayan magariba amsa ta zo.

"Ki gaishe da Baba, ki ce mai ba komi, na gode da wahalar da yas sha. Fulawa kuma ta Allah ta, ko wurin Inna ta sha bushewa. Amma Raihana, kullum in kin turo hoton ga sai in nuna ma abokin ɗakina in ce dubi hannun da za ni aura. Hotunan sun hi mani zahi."

Na karanta ya fi sau ashirin. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ba shi haƙuri, ya ce ya ji. Daga ranar bai daina gaishe ni ba, kullum da safe "Kin tashi lafiya?", in amsa, ya ce madalla. Amma bai sake tambayar mutuniyar ba, bai sake cewa in turo hoto ba, kuma Raihana ta koma Raihanatu. Wanda ya taɓa so ya san nisan da ke tsakanin sunayen nan biyu.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kowace safiya in tsuguna in sa yatsa, in leƙa, ba komai sai guntayen kara. Baba ya ce ruwan rijiyarmu yana da kauri, sai ya shiga kawo mata na fadama a jarka, ɗaure a bayan babur. Ya hana a wuce da kasko ta wannan lungun. Inna tana mita, wai a gidanta yau ciyawa ta fi ta iko, amma na kama ta sau biyu tana yayyafa wa yashin ruwa da tsakar rana. In Baba ya dawo gona, kafin ya wanke ƙafa sai ya bi ta gindin randa, ya tsaya, hannu a baya, ya wuce. Aka gama kwashe albasa, aka jera a rumbu, kwas ɗin Naziru ma ya zo ƙarshe. Kwana goma, sha biyu, sha biyar. Na fara shirya yadda zan miƙa wa Naziru tukunyar ƙasa zalla in ya dawo, da abin da zan yi in ya karɓa ya ce na gode ya juya.

Yau da safe, kwana na ashirin, ina ɗaura ɗankwali zan tafi makaranta, na ji Baba yana cewa, "Kaltume! Kaltume, kira ta!"

Na fito da takalmi ɗaya. Baba na tsugune gaban randa, ya sa tabaraunsa na karatu, hancinsa kusan a cikin tukunya. Ya nuna da ɗan yatsa, bai yarda ya taɓa ba. Can tsakanin guntayen karan, ga wani ɗan abu kore, bai kai kan ashana ba, ya naɗe kansa kamar jaririn da ya dunƙule hannu. Kusa da shi ga wani, ga na uku yana ƙoƙarin ɗaga ƙasa.

Ban san lokacin da na zauna a kan jiƙaƙƙen yashin da atamfar aikina ba. Inna tana ta hamdala a bayanmu. Na zaro waya, na saita, zan ɗauka.

Baba ya sa tafin hannunsa ya tare gaban wayar. Kuma wannan karon bai bi ta wurin Inna ba, ni ya duba.

"A'a. Yaron ga ya sha hoto ya ƙoshi. Ki ce mai shi zo shi gani da idonai." Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya cire tabarau, ya juya baya kafin ya ƙarasa. "In za shi zo kuma, shi taho da manyanai. Mutumin da yar riƙe abin ga shekara biyu da rai cikin zahin Aliero, ya iya riƙo."

Na daɗe da wayar a hannu. Ba hoto, ba shaida, sai bakina, bakin da ya yi masa ƙarya kwana goma sha tara. Na rubuta: "Ta tsiro, guda uku. Ba ni da hoto. Baba ya ce ka zo ka gani, kai da manyanka."

Ya karanta. Minti ɗaya, biyu, biyar. Har na ɗauki jaka na kai zaure, sai wayar ta yi motsi.

"Na yarda, Raihana. Ki ce ma Baba ran Juma'a."

Yau Laraba, kuma har yanzu ban san da wane ido zan dube shi ba.